Kunun Aya da Kananzir a Cikin Kibod

Kwamfuta ɗaya ce a sashenmu, kuma ni kaɗai na iya ta. Wannan kaɗai ya isa ya kumbura kan saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya kuwa kumbura nawa. Lokacin farar hula ba su daɗe da dawowa ba, kuɗin mai na shigowa, Abuja duk inda ka juya gini ake yi, kowace hukuma tana sauke kwalayen kwamfuta a bakin ƙofa. Mu dai ɗaya ta iso mana. Aka ɗora ta a tebur na musamman kusa da taga, aka ɗinka mata rigar leda, mai kula da sito ya zo da farin fenti ya rubuta lamba a jikin kowane yanki nata, har da kibod da maus. Oga, shugaban sashenmu, ya sa aka manna takarda a bango cewa ba a ci ba a sha kusa da kwamfuta. Ni na buga takardar da hannuna, har na yi mata ado a gefe.

Ƙaramin akawu ne ni, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba tukuna. A Karmo nake kwana, mu uku a ɗaki ɗaya, amma da zarar na shigo ofis na yaye wa kwamfuta riga, sai in ji kamar da ni aka gina hukumar.

A ɗaya kusurwar ofishin akwai Baba da tafiretarsa. Mutumin Zariya ne, siriri, mai farin gemu, ya fara aiki tun hukumar tana Legas, ya biyo ta har nan. A Tungan Maje yake zaune, kullum sai ya hau mota uku kafin ya iso, amma ban taɓa riga shi zuwa ba. In yana bugu ba ya kallon yatsunsa. Kowace Litinin da safe yakan fito da kayan gyaransa daga durowa: tsohon buroshin goge baki, kananzir a kwalbar magani, man keken ɗinki, tsumma da ƙaramin sukudireba. Ya bi haruffan tafiretar ɗaya bayan ɗaya ya wanke, ya ɗiga musu mai, sannan ya yi bismilla ya fara aiki. Injiniya yake kirana, rabi tsokana rabi girmamawa. Akwai wata al'ada tsakaninmu: duk takardar da ya buga, sai ya miƙo mini in duba kafin ta shiga wurin Oga. Ban cika samun kuskure ba, na dai san yana yi ne don in ji ni ma wani ne.

Sai takarda ta sauko daga sama cewa za a rage ma'aikata, kuma masu buga tafireta da ba su iya kwamfuta ba su ne a gaba. An ce kowane shugaban sashe ya rubuto sunayen nasa. Baba saura shekara uku ya gama aikinsa da mutunci, ga 'ya'ya mata biyu a makarantar gaba da sakandare. Oga ba mugun mutum ba ne. Ya kira mu biyu ya ce, “Baba, na ba ka sati uku. Ranar Alhamis ta ƙarshe ka zauna a gabana ka buga wasiƙa ɗaya a kwamfuta, ka adana, ka fitar da ita a firinta. Idan ka yi, zan rubuta ka iya, shi ke nan. Kai kuma ka koya masa.”

Kullum bayan azahar muke zama. Kibod bai ba shi wahala ba, don jerin haruffan ɗaya ne da na tafireta, sai dai yana dukansa da ƙarfi har tebur na motsi. Maus ne abokin gabarsa. Irin na da ne, mai ƙwallon roba a ciki. Baba ya riƙe shi kamar zai gudu, in ya tura kibiyar ta wuce inda yake so sai ya ɗaga shi sama yana juyawa a iska. Danna sau biyu kuwa ya gagara. Ni kuma ba ni da haƙuri ko na sisin kwabo. Mutum ne da a haife ya haife ni har ya haifi yayana, amma nake ɗaga masa murya, shi kuwa sai ya ce, “Yi haƙuri, Injiniya, hannun ne ya tsufa a kan wani abu dabam.” Duk da haka yana ci gaba. Zuwa sati na uku yana iya buɗe shafi, ya buga, ya adana. Da an bar mu, da ya ci jarrabawar nan.

Ranar Litinin ta satin ƙarshe rana ta yi zafi ƙwarai. Akwai wata mata da ke sayar da kunun aya mai sanyi a bakin get, cikin tsofaffin robobin ruwa. Na sayo ɗaya na shigo da ita, na sha rabi, na ajiye a gefen kibod ba murfi, daidai ƙarƙashin takardar da na manna a bango. Akwai dogon rahoton da na yini ina bugawa, na rage shi gefe na buɗe wa Baba sabon shafi. Ya zo danna sau biyu, ya danna ɗaya, ya tsaya, ya sake dannawa.

Na ce, “Baba, sau biyu da sauri! Ba ka danna ka tafi kasuwa ka dawo ka ƙarasa ba.”

Na kai hannu da fushi zan fizge maus ɗin daga hannunsa, gwiwar hannuna ta bugi robar. Kunu ya kwanta a kan kibod daga hagu, ya cika tsakanin haruffa, ya gangara ƙarƙashin maus, ya fara ɗiga a kan wandon Baba.

Na san abin da ake yi. An koya mana: ka kashe kwamfuta nan take, ka zare waya, ka kife kibod, kada ka danna komai. Amma rahotona na tuna. Na tsoma yatsu cikin kunun ina danna maɓallan adanawa da ke can ƙasa ta hagu, na danna, na sake dannawa, ban yarda ya adanu ba na ƙara. Daga nan kuma wauta ta sa na shiga gwada sauran haruffa in ga ko suna aiki. Sai da haruffa suka fara gudu da kansu a fuskar kwamfuta, tana ƙara ƙit ƙit ƙit, sannan na kashe na zare wayoyin. Ya kai minti biyu ko fi. Na kife kibod a kan tsohuwar jarida, na ajiye maus a gefe.

Ana cikin haka Oga ya aiko in kai wani fayil sakatariya, ana jira. Na ce wa Baba, “Kada ka taɓa komai. Ka bar shi a kife har in dawo.” Ya ce to.

Sai bayan la'asar na dawo, don wanda zai sa hannu ya fita cin abinci ya manta hanya. Tun daga matakala na ji warin. Na shiga na tarar da Baba ya naɗe hannun riga, kayan gyaransa a baje a kan teburin kwamfuta, fuskarsa cike da murna. Ya goge tebur tas, ya wanke ƙasa, robar kunu ma ya fitar da ita waje. Ashe bayan tafiyata ya juya kibod ɗin ya taɓa, ya ji sukari ya fara bushewa, haruffa suna maƙalewa, kiyashi har sun fara layi. Shekara talatin da biyu abu ɗaya ya sani game da harafin da ya maƙale. Ya ɗauko buroshi da kananzir ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga wa kowanne man keke. Ya buɗe cikin maus ya ciro ƙwallon, ita ma ya shafa mata mai don ta ji daɗin juyawa. Ya mayar da wayoyin a bayan kwamfuta, mai kan kore a ramin shuɗi, mai kan shuɗi a ramin kore.

Ya ce, “Taɓa ka ji, Injiniya. Ko ɗaya ba ya maƙalewa yanzu.”

Gaskiya ya faɗa, haruffan sun yi laushi fiye da ranar da aka kawo su. Ni kuwa na ce masa, “Wa ya aike ka? Ban ce kada ka taɓa ba? Wannan tafireta ce?” Murnar ta bar fuskarsa. Ya sauke hannun rigarsa a hankali ya koma gefe ya tsaya. Har yau in na tuna muryata a ranar sai in ji kunya ta rufe ni.

Na mayar da wayoyin inda ya kamata, na kunna. Kwamfuta ta yi ta ƙara, ta rubuto cewa ba ta ga kibod ba. Na kashe na fara da maus, don shi ne mai sauƙi. Ƙwallon santsi take yi, ba ta kama komai. Na wanke ta da sabulun gari a famfon bayi, na shanya. A ciki akwai wasu 'yan sanduna biyu da ƙwallon ke murzawa, na naɗa tsumma a tsinken ashana na goge mai da kunun da suka haɗu a jikinsu. Maɓallin hagu yana dannuwa ba ya dawowa, na karɓo ɗan sifirit a ɗakin shan magani na hukumar na ɗiga masa, na yi ta dannawa har ya saki. Da na haɗa, kibiya ta motsa, ta je inda aka aike ta. Baba ya ce alhamdulillahi a bayana.

Sannan na karɓi sukudirebansa na kwance bayan kibod. Ban taɓa buɗe ɗaya ba sai ranar. Ƙarƙashin haruffan akwai shimfiɗar roba mai ƙananan ramuka a jere kamar tandar waina. Ƙarƙashinta kuma ledoji ne siraru guda uku, ɗaya kan ɗaya, an zana musu layuka masu ruwan azurfa, ta nan wuta ke bi. Na ɗaga robar na duba da kyau. Kananzir da man keke duk a saman robar suka tsaya, ba su ratsa ba. Abin da ke tsakanin ledojin kunu ne, fari, ya yi danƙo. A ƙasa ta hagu, daidai inda na yi ta dannawa don in ceci rahotona, layukan azurfar sun yi baƙi, biyu ma sun tsinke. Ni na matsa kunun ya shiga can da yatsuna, wuta tana ciki.

Baba yana laluben tabarau a aljihu don ya matso ya gani. Kafin ya sa, na kai tsumma na share kunun.

Na wanke robar, na goge ledojin da sifirit, na ɗora su gaban fanka har suka bushe, na mayar da komai na ɗaure. Wannan karon kwamfuta ta ga kibod. Na buɗe shafi na bi haruffa. Na dama duk suna fita. Na hagu kuwa, harafin a ya mutu, s ya mutu, da na ƙarƙashinsu, wasu kuma in ka danna ɗaya sai biyu su fito. Na sake kwancewa, na sake gogewa, na sake ɗaurewa. Haka dai. Babu wasiƙar da za ta bugu a duniya ba tare da harafin a ba.

Ina cikin ɗaurewa ta uku Oga ya leƙo da jakarsa zai tafi gida. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ja hanci. “Me nake ji haka kamar gidan mai?”

Baba ya matso. “Ni ne, ranka ya daɗe. Ni na wanke shi da kananzir.”

“Kananzir? A kwamfuta? Me ya kai ka?”

“Na ga ya yi datti ne.”

Bai ambaci kunu ba. Oga ya juyo gare ni. “Kai ne ka san abin. Kananzir ɗin ne ya kashe shi?”

Ba dogon tunani na yi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na tuna ba a tabbatar da ni ba, na tuna takardar da ke bango, na tuna ɗakin Karmo da yadda na sha wuya kafin in samu aikin nan. Na ce, “E, yallaɓai. Kananzir ba ya shiri da kayan wuta.” Oga ya dubi Baba ya girgiza kai, ya ce gobe ma yi magana.

Washegari da sassafe na biya kasuwa wurin wani Bakano mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta 'yan kwatano. Kibod a shagonsa tuli guda, har ƙasa. Na ɗauki mai irin wayar namu. Yana sa mini a leda na tambaye shi, kamar labarin wani nake yi, ko kananzir na kashe kibod. Ya ce, “Kananzir sai dai ya ɓata roba a hankali. Abin da ke kashe su nan take ruwa ne mai sukari, in an bar wuta a ciki. Da za a zare waya da wuri, a wanke a shanya kwana biyu, wallahi tashi suke yi.” Na ce haka ne, na karɓi ledata.

Na zo ofis da saurina, a raina in na haɗa wannan magana ta mutu, Alhamis Baba ya yi jarrabawarsa. Na tarar mai kula da sito ya riga ni. Wari ya kai masa labari tun jiya. Ya ɗaure tsohon kibod da jan zaren fayil, ya rataya masa takarda, yana cike fom. Ba Bahaushe ba ne, amma Hausarsa ta ishe shi hana mutum abu. Ya dubi ledata ya ce, “Wannan ba shi da lamba. Kwamfuta na gwamnati ne, ba za ka sa masa kayan kasuwa ba. Idan odita ya zo, ni ne za su kama, ba kai ba.”

Na ce, “Don Allah, kwana uku kawai. Ka rubuta masa lambar tsohon mana.”

“Lamba ɗaya, kaya biyu? Kana so na tafi gidan yari? A rufe shi sai kwamiti ya zauna.”

Aka mayar wa kwamfuta rigarta. Kibod ɗin da na sayo ya kwana a ƙarƙashin teburina, lafiyarsa ƙalau.

Daga ranar duk aikin sashen ya koma kan tafiretar Baba. Tun da fom ya shiga, dole a ba wanda ya lalata kayan gwamnati takardar tuhuma, wadda muke kira kweri. Oga ya rubuta da biro, kuma babu mai bugawa sai Baba. Ya sa takarda uku da kabon a tsakani, ya buga tuhumar kansa, ya miƙo mini in duba kamar kullum. Washegari ya buga amsarsa, layi huɗu, ya amsa laifi ya nemi afuwa. Ita ma ya miƙo mini. Alhamis ta zo ta wuce, babu wanda ya yi zancen jarrabawa. Oga ya ce mini a gefe, ransa a ɓace, “Yaya zan rubuta ya iya kwamfuta, ga takarda a fayil ɗinsa cewa ya zuba mata kananzir?” Bayan sati ɗaya jerin sunayen sashenmu ya fito, sunaye biyu ne, na Baba a sama. Shi ya buga, ya daidaita layukan tsaf.

A satin ne muka jera zuwa bakin titi bayan an tashi. Na ce, “Baba, zan je in gaya wa Oga zancen kunun.”

Ya ce, “Ka gaya masa don me? Kunu ai da ya bushe, kai da bakinka ka ce a bar shi. Ni na zuba abin da ya kashe shi. In ka faɗa, mu biyu za mu tafi, kai ko tabbatar da kai ba a yi ba. Ka riƙe bakinka.”

Na ji daɗin maganar nan, wannan shi ne gaskiya. Sanyi na ji har cikin raina, kamar an sauke mini kaya. Abin da na gani tsakanin ledoji yana bakina, kalma goma ba za ta kai ba, motarsa ta zo ya shiga.

Kwamiti ya zauna bayan wata huɗu. Sabon kibod ya iso, mai kula da sito ya zo da farin fentinsa ya yi masa lamba. A shekarar aka tabbatar da ni. Yau kibod nawa ne suka mutu a hannuna aka jefar ba wanda ya tambaya, ban san adadinsu ba. Sau da yawa na wuce Tungan Maje a hanyar Gwagwalada, ban taɓa tsayawa ba, kullum sai in ce wani jiƙon. Daga baya wani direban hukumar ya gaya mini Baba ya koma Zariya, daga baya kuma ya gaya mini ya rasu.

Ranarsa ta ƙarshe a ofis Juma'a ce. Ya wanke tafiretar duk da ba Litinin ba ce, ya ɗiga mata mai, ya rufe ta. Ya zuba kayan gyaransa a leda, ya bi tebur tebur yana sallama da neman gafara, kamar yadda dattawa ke yi. Ni ya bari a ƙarshe. Ya ciro ƙaramin sukudireban ya ajiye a gabana, ya ce zai fi mini amfani. Sannan ya kama hannuna da hannayensa biyu.

“Injiniya, ka yafe mini. Ka sha wahala a kaina sati uku, ka ce kada in taɓa, na taɓa. Na ɓata maka kayan aiki, na ɓata wa kaina.”

Kowa a ofis yana jiran amsata. Na dubi hannunsa, akwai baƙin kabon a yatsun. Na ce, “Ba komai, Baba. Na yafe.”